Ko An Ji Ni? Abin da Littafi Mai Tsarki Ya Koyar a Kan Sauraron Addu'a

Duk wanda ya taɓa durƙusawa da damuwar da ta hana shi barci ya san tambayar da ke biyo bayan amin. Ka gama roƙo ka miƙe, mara lafiya yana kwance inda ka bar shi, mai bin ka bashi kuma zai buga ƙofa da safe. Sai zuciya ta ce, to, an ji ni kuwa? Masu bi ba su cika furta wannan tambaya a cikin jama'a ba, don gudun kada a ce bangaskiyarsu ta yi sanyi. Littafi Mai Tsarki kuwa bai ji kunyarta ba. Daga Farawa har Wahayin Yahaya ana ta yin ta, wani lokaci da hawaye, wani lokaci da fushi, kuma amsar da littafin ya bayar ta fi faɗi, ta fi nauyi, fiye da wadda aka saba ji a kan bagade. Ya tsaya kai da fata a kan cewa Allah yana ji. Amma bai ɗauki alkawarin cewa amsa za ta zo da kamannin da mai roƙo ya zana mata ba. Mafi yawan ciwon da masu bi ke sha a sha'anin addu'a, a ganina, daga haɗa waɗannan abubuwa biyu wuri guda yake tasowa.

A fara da wadda aka fara ji. A sura ta 21 ta Farawa, Ibrahim ya tashi da sassafe ya ɗora wa Hajara gurasa da salkar ruwa, ya sallame ta da ɗanta. Baiwa ce, mutuniyar Masar, ba ta da dangi a ƙasar, ba ta da mai tsaya mata. Ta yi ta gararamba a jejin Biyer-sheba har salkar ta bushe. Sai ta kwantar da yaron a ƙarƙashin wani ɗan kurmi, ta ja da baya kamar nisan harbin kibiya, don ba za ta iya kallon mutuwarsa ba, ta fashe da kuka. A nan ne aka ce Allah ya ji muryar yaron, ya buɗe idonta ta ga rijiya. 'Yan'uwanmu Musulmi sun san wannan baiwar Allah da ɗanta ta wata ruwayar, da sa'ayi tsakanin Safa da Marwa da ruwan Zamzam. Abin da ya kamata mai karanta Farawa ya lura da shi shi ne, babu wata tsararriyar addu'a a wurin. Ba bagade, ba hadaya, ba firist. Yaro ne mai ƙishirwa yana nishi, da uwar da ta riga ta sallama.

Haka abin yake a farkon Fitowa. Isra'ilawa suna kwaɓa tubali a ƙarƙashin bulalar Fir'auna, suna nishi saboda bauta, nishin nan kuwa shi ya hau. Marubucin ya jera abin da Allah ya yi: ya ji, ya tuna da alkawarinsa, ya duba, ya kula. Dukan labarin ceton da Yahudawa ke tunawa da shi a Idin Ƙetarewa har yau, daga wannan jin ya faro. Kuma jin bai tsaya a labari ba, ya shiga doka. A sura ta 22 ta Fitowa an gargaɗi mai ba da rance cewa in ya karɓi mayafin talaka jingina, to ya mayar masa kafin rana ta faɗi, don da shi zai rufa da dare, in kuwa sanyi ya sa shi kuka, Allah zai ji. An faɗi haka game da gwauruwa da maraya. Wato wanda ba shi da kowa yana da inda zai kai ƙara, kuma an sanar da mai ƙarfi tun da wuri don ya shiga taitayinsa.

Mu da muka san fada mun san yadda kukan talaka ke tafiya. Sai ya bi ta hannun mai unguwa, ya bi ta dagaci, ya bi ta hakimi, a ƙofar fada kuma ya tarar da dogari, kowane mataki maganar tana raguwa ko tana canza kama, wani lokaci ma ta mutu a zaure. Littafi Mai Tsarki ya juya wannan tsari. Wanda ya fi nisa da fada shi ake fara ji.

Labarin Hannatu, a farkon littafin Sama'ila na fari, ya fi kowanne nuna haka kusa da kusa. Mace ce da ba ta haihu ba, tana zaune da kishiya mai 'ya'ya, Feninna, wadda ba ta barin ta ta sha ruwa da daɗi. Kowace shekara in sun je sujada a Shilo sai gorin ya ƙaru, har ta kasa cin abinci. Mijinta Elkana yana ƙaunarta, yana lallashi, amma lallashinsa bai kai inda ciwon yake ba. Wata rana bayan an ci an sha ta tashi ta tafi gaban Ubangiji. Eli firist yana zaune a kujerarsa kusa da madogarar ƙofa yana kallon bakinta. Leɓɓanta suna motsi, murya ba ta fita. Sai dattijon ya ɗauka ta bugu, ya tsawata mata. Dubi wannan abu da kyau. Babban mai hidimar ɗakin Allah yana zaune taku kaɗan daga gare ta, yana ganinta da idonsa, ya yi mata mummunar fahimta, Allah kuwa ya ji abin da ko sauti bai zama ba. Ta ba shi amsa cikin ladabi, ta gaya masa ɓacin rai ne ya kawo ta, ya sa mata albarka. Daga nan ta tafi ta ci abinci, fuskarta ta sake. Ba ta riga ta yi ciki ba, ɗanta Sama'ila yana can gaba. Abin da ya canza a ranar shi ne ta sauke kayanta a inda ta tabbata an karɓa.

Wannan ya kawo mu ga batun da nake ganin ikilisiyoyinmu suna bukatar sake dubawa, wato ɗaukar cewa ƙarfin murya da tsawon lokaci su ke jawo hankalin Allah. A kan Dutsen Karmel, a sura ta 18 ta Sarakuna na fari, annabawan Ba'al 450 sun yi ta kiran gunkinsu tun safe har tsakar rana, suna tsalle kewaye da bagade, suna tsattsaga jikinsu da takuba da māsu har jini ya malala, suka ci gaba har lokacin hadayar yamma. Ko gezau. Iliya ya gyara bagade da duwatsu 12, ya sa aka kwarara tulunan ruwa a kan hadayar har sau uku, ya yi addu'ar da mutum zai karanta cikin ƙasa da minti guda, wuta ta sauko. Zabura ta 115 da ta 135 sun yi wa gumaka ba'a a kan cewa an sassaƙa musu kunne amma ba ji, ta 94 kuwa ta tambaya ko wanda ya halicci kunne zai rasa ji. Yesu ya ɗora a kan wannan a sura ta 6 ta Matiyu, inda ya ce wa almajiransa su shiga ɗaki su rufe ƙofa, kada su tara surutu suna zaton yawan magana ne zai sa a saurare su, tun da Ubansu ya san bukatarsu kafin su buɗe baki.

Ba ina cewa addu'ar dare ko ɗaga murya laifi ba ne. Yesu da kansa ya kwana yana addu'a a kan dutse kafin ya zaɓi manzanninsa sha biyu. Makaho Bartimawas a bakin hanyar Yariko ihu ya yi, jama'a suka ce ya rufe baki, ya ƙara ƙarfin ihun, har Yesu ya tsaya cik ya ce a kira shi. Ihun da ya fito daga ciwo daban, wanda ake yi don a tashe Allah daga barci daban. Abin da ke ɓata mini rai shi ne in ga an gaya wa tsohuwar da ba ta da ƙarfin tsayuwar dare, ko magidancin da ba shi da abin “shuka iri” a baiko, cewa shi ya sa ba a amsa masa ba. Duk wanda ya koyar da haka ya mayar da Allahn Hajara ya zama Ba'al, wanda sai an zubar masa da jini kafin ya waiwayo.

Sai dai fa littafin bai ɓoye cewa akwai lokacin da Allah yake cewa ba zai saurara ba. Wannan ɓangare ba a cika wa'azinsa ba, kuma dalilin a fili yake, don masu zuwa sujada yake taɓawa. A sura ta farko ta Ishaya mutane suna ɗaga hannu, suna yawaita addu'a, suna kiyaye idi, Allah ya ce ya kawar da kai domin hannuwan nan jini ne a jikinsu. A sura ta 58 suna ƙorafi cewa sun yi azumi ba a kula ba, aka amsa musu cewa a ranar azumin ma suna matsa wa ma'aikatansu. Karin Magana sura ta 21 ta yi kashedi cewa mai toshe kunne ga kukan matalauci, ranar nasa kukan ba zai sami mai amsawa ba. Har sau uku a littafin Irmiya aka hana annabin yi wa jama'arsa roƙo. A Sabon Alkawari, Yakubu ya ce hakkin masu girbi da mai gona ya danne yana da murya, kuma muryar ta isa kunnen Ubangiji. Bitrus ya ja kunnen mazaje cewa wulaƙanta mace a gida yana tare addu'ar miji. Yesu ya ce wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna.

In ka haɗa waɗannan wurare za ka ga kusan duka abu ɗaya suke nunawa, zalunci tsakanin mutum da mutum. Ba kuskuren lafazi ba ne, ba rashin iya tsara magana ba ne. Mutumin da ya riƙe albashin mai gadinsa wata uku, sannan ya zo sahun gaba ranar Lahadi yana roƙon buɗi, ya manta cewa mai gadin ma ya yi tasa addu'ar, ko da “Allah ya isa” kawai ya ce. Kunnen da kake so ya ji ka, shi ne ya ji shi.

Amma a yi hattara, kada a juya maganar a ce duk wanda bai sami amsa ba zunubi ne ya tare masa. Wannan shi ne kuskuren abokan Ayuba, waɗanda suka zauna suna yi masa lissafin laifin da bai yi ba, a ƙarshe Allah ya ce su ne ba su faɗi daidai ba, sai ma Ayuba ne ya yi musu roƙo. Kuma ƙofar ba ta rufe wa mai laifi in ya juyo. Manassa, sarkin Yahuza da ya cika Urushalima da jinin marasa laifi, an ce a Tarihi na biyu sura ta 33 da aka kai shi Babila a ɗaure ya ƙasƙantar da kansa, aka ji shi. A misalin Luka sura ta 18, Bafarisiye ya tsaya yana jera wa Allah azuminsa da zakkarsa, mai karɓar haraji ya tsaya daga nesa yana bugun ƙirji, kuma shi ne ya koma gida a karɓe. Karniliyus, jarumin sojan Roma a Kaisariya, ba Bayahude ba ne, amma aka gaya masa addu'o'insa da sadakarsa sun hau. Tun ranar keɓe Haikali ma Sulemanu ya roƙa cewa baƙon da ya zo daga ƙasa mai nisa ya yi addu'a, a ji shi.

Yanzu ga wuri mai wuya. Akwai mutanen kirki, masu hannu mai tsabta, da suka roƙa ba su samu ba, kuma littafin ya rubuta sunayensu bai share ba. Musa ya roƙa a bar shi ya haye Urdun ya ga ƙasar da ya yi shekara 40 yana jan jama'a zuwa gare ta, aka ce masa maganar ta isa, ya hau dutse ya hange ta daga nesa. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa abin da ya kira ƙaya a jikinsa, ba a cire ba, aka gaya masa alheri zai ishe shi. Dawuda, wanda shi kam laifinsa ne ya jawo, ya kwanta a ƙasa yana azumi saboda jaririnsa, a rana ta bakwai yaron ya rasu. Wani lokacin kuma ƙin amsawar jinƙai ne a bayyane. Iliyan nan da wuta ta sauko masa, sura ɗaya bayan haka yana gudun sarauniya Yezebel, ya zauna a gindin wani itace a jeji ya roƙi mutuwa. Abin da aka ba shi barci ne, da waina a kan garwashi, da butar ruwa. Akwai kuma akasin haka, inda samun abin da aka roƙa ya zama masifa, kamar naman makware da jama'a suka nace a kai a jeji, da sarkin da suka matsa wa Sama'ila ya naɗa musu.

Sura ta 12 ta Ayyukan Manzanni ta ajiye abubuwan biyu kafaɗa da kafaɗa, ta yadda ba mai iya kauce musu. Sarki Hirudus Agaribas, wanda ya mutu a shekara ta 44, ya sa aka sare Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. Da ya ga abin ya yi wa wasu daɗi sai ya kama Bitrus, ya sa sojoji 16 gadinsa, aka ɗaure shi da sarƙa biyu. Ikilisiya ta duƙufa da addu'a. Da dare sarƙoƙin suka zube, Bitrus ya fita ya nufi gidan Maryamu uwar Markus inda ake taron, ya ƙwanƙwasa. Wata baranya mai suna Roda ta gane muryarsa, don murna ta manta ta buɗe ƙofa ta ruga ciki, masu addu'ar kuwa suka ce mata ta haukace. Ana son wannan labari a wa'azi, kuma ya cancanta. Amma Yakubu fa? Manzo ne kamar Bitrus, tare suka hau dutsen sāke kama, sarki ɗaya ya kama su, ikilisiya ɗaya suke. Ɗaya ya fita da ƙafarsa, ɗaya aka ɗauki gawarsa. Luka, marubucin littafin, bai ba da dalilin bambancin ba, kuma ina girmama shi a kan haka. Da marubucin ƙarya ne, da ya ƙago dalili.

Zabura, littafin waƙoƙin sujada mai waƙa 150, ta ba wa irin wannan ciwo baki. Rukuni mafi girma a cikinta na kuka ne da ƙorafi. Ta 13 tana tambayar har yaushe za a manta da mai roƙo. Ta 88 ta fara da kira dare da rana, ta ƙare a cikin duhu, babu ko jimla ɗaya ta samun sauƙi. Bayan Babilawa sun rushe Urushalima a wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, mai Makoki ya kwatanta Allah da wanda ya lulluɓe kansa da gajimare har addu'a ta kasa ratsawa. Habakuk ya buɗe littafinsa da ƙarar cewa yana ta kira ba a saurare shi ba. Abin mamaki shi ne ba a cire waɗannan kalmomi ba. An adana su, an rera su a gaban Allahn da ake ƙorafi a kansa. Mutum ba ya ci gaba da kai ƙara inda ya tabbata babu kowa, don haka ƙorafin kansa wani nau'i ne na gaskatawa, mai ɗaci amma na gaske.

Ga Kirista, dukan wannan batu a Getsamani yake ƙullewa. Yesu ya faɗi rubda ciki a lambun, ya roƙa har sau uku cewa in da hali ƙoƙon wahala ya wuce shi, ya kuma miƙa wuya ga nufin Uban. Almajiran da ya roƙa su taya shi tsaro barci ya kwashe su. Ƙoƙon bai wuce ba. Washegari yana kan gicciye, ya ɗauki farkon Zabura ta 22, kukan wanda aka yasar, ya yi kira da shi. Duk da haka marubucin wasiƙar Ibraniyawa, a sura ta 5, da ya waiwayi roƙon da Yesu ya yi da kuka da hawaye ga mai ikon cetonsa daga mutuwa, cewa ya yi an ji shi. An ji shi, ya kuma mutu. Bangaskiyar Kirista ta ce amsar ta zo a rana ta uku, ba ta kewaye kabari ba, ta bi ta cikinsa. Duk wanda ya riƙe wannan da gaske ba zai iya gaya wa mai makoki cewa rashin samun abin da ya roƙa alama ce ta ba a saurare shi ba, don in haka ne, to ba a saurari Ɗan ba.

Akwai tsohuwar tambaya da masu tunani suka daɗe suna yi: in Allah ya san bukata tun kafin a faɗa, kuma nufinsa ba ya tangarɗa, mene ne amfanin roƙo? Orijin, malamin Iskandariya, ya tunkari wannan ƙalubale a littafin da ya rubuta kan addu'a a wajen shekara ta 233, inda ya nuna cewa sanin Allah na gaba ya haɗa har da addu'ar da mutum zai yi da yardar ransa, saboda haka ba a banza take ba. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya rubuta wa wata gwauruwa mai suna Proba cewa ba labari muke ba Allah in muna roƙo ba, zuciyarmu ce ake faɗaɗawa don ta iya ɗaukar abin da za a ba ta. Shi ya ga abin a gidansu. A shekara ta 383 ya shirya barin Kartaj zuwa Roma, mahaifiyarsa Monika ta bi shi har bakin teku tana roƙon Allah kada ya tafi, don tana tsoron zai ƙara ɓata. Ya yaudare ta, jirgi ya tashi da dare ya bar ta tana kuka. A can Italiya ne ya haɗu da wa'azin Ambros, bishop na Milan, aka yi masa baftisma a 387. Abin da ta roƙa a daren aka hana ta, abin da ta yi shekaru tana roƙo aka ba ta, kuma ta hanyar da take tsoro.

Bayanin Agustin yana da kyau, amma ni ban yarda a tsaya a kansa kaɗai ba, don yana iya sa mutum ya ɗauka addu'a gyaran hali ce kawai, ba ta motsa komai a waje. Littafi Mai Tsarki ya faɗi fiye da haka. Sarki Hezekiya yana kwance ba lafiya, Ishaya ya shigo ya ce masa ya shirya gidansa don ba zai tashi ba. Sarkin ya juya fuska bango ya yi kuka. Annabin bai gama fita daga tsakar fada ba aka ce ya koma, an ji addu'ar, an ga hawayen, an ƙara masa shekara 15. Wannan Hezekiyan ne, lokacin da Sennakerib na Assuriya ya kawo yaƙi a shekara ta 701 kafin Almasihu, ya ɗauki wasiƙar barazanar ya hau Haikali ya shimfiɗa ta a gaban Ubangiji, kamar mai cewa ga ta, karanta da kanka. Rubutun da Sennakerib ya bari, wanda kwafinsa ɗaya ke gidan tarihi na Biritaniya a Landan, ya yi alfahari da garuruwan Yahuza 46 da ya ci da harajin da ya karɓa, amma bai ce ya ci Urushalima ba. Yadda sanin Allah na har abada ya haɗu da hawayen mutum ɗaya da ya juya bango, littafin bai warware ba. Ya riƙe duka biyun, ya ce a roƙa. Yesu ma ya ba da misalin gwauruwar da ta dami azzalumin alƙali har ya bi mata hakkinta, don almajiransa kada su gaji. Daniyel ya yi mako uku yana jira, aka gaya masa tun ranar farko aka ji shi. Zakariya sai da ya tsufa, matarsa Alisabatu ta wuce haihuwa, kafin aka ce masa an ji roƙonsa.

A ƙasarmu wannan ba tambayar aji ba ce. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandare a Chibok, da yawansu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa ne. An yi azumi, an yi addu'a a coci da masallaci. Wasu 57 suka kuɓuta tun da farko, aka sako 21 a 2016, aka sako 82 a 2017, wasu suka riƙa fitowa ɗai-ɗai. Wasu har yanzu ba su dawo ba, akwai kuma iyayen da suka rasu suna jira. Uwar da 'yarta ta dawo da uwar da tata ba ta dawo ba, a benci ɗaya suke zama a zumuntar mata, hawaye iri ɗaya suka zubar. Wa zai iya duban ta biyun ya ce bangaskiyarta ce ta gaza? Abin da littafin ya ba mu mu gaya mata kaɗan ne, amma ba ƙarya a ciki. Bulus ya rubuta wa Romawa cewa in mutum ya kai inda bai san abin da zai roƙa ba, Ruhu yana roƙo a madadinsa da nishin da ya fi ƙarfin magana. Wahayin Yahaya ya nuna addu'o'in tsarkaka an tara su a tasoshin zinariya kamar turare, ya kuma nuna waɗanda aka kashe saboda shaidarsu suna tambayar har yaushe za a bi musu hakki. Ba a tsawata musu don sun tambaya ba. An ba su fararen riguna, an ce su ƙara jira.

Wannan ne ya sa lokacin shaida a sujadarmu yake damuna. Wanda ya sami aiki ya tashi, wadda ta haihu ta tashi, wanda ya tsira daga hatsarin mota ya tashi, a yi tafi, a yi guɗa, kuma daidai ne a gode. Amma a cikin majami'ar akwai wadda ta yi shekara goma tana jiran haihuwa, akwai wanda ya binne ɗansa makon jiya bayan dukan ikilisiya ta yi masa azumi. Suna zaune, ba su da abin tashi su faɗa, suna komawa gida da tunanin cewa kowa aka ji ban da su. Masu tsara waƙoƙin Haikali sun fi mu tausayi a nan, tun da sun sa Zabura ta 88 a hannun shugaban mawaƙa don jama'a su rera ta tare. Da za a nemi shawarata, sai in ce bayan masu shaida sun zauna, fasto ya tambaya ko akwai masu jira, a ba su dama su faɗi abin da suke jira in suna so, a karanta ɗaya daga zaburorin kuka da ƙarfi, a ambaci waɗanda aka sace ba su dawo ba da marasa lafiyar da ba su tashi ba, sannan dattawa da shugabannin zumunta su raba gidajensu a tsakaninsu don ziyara a cikin mako.